Wasiƙar da Na Karanta wa Gwaggo

Jiya na ji jikata tana haddar Ingilishi a tsakar gida, sai raina ya ɓaci, kuma ba da ita nake ba.

A ƙauyenmu, kusa da Dogo-Dogo, kawuna ne mai karanta wasiƙun Ingilishi da ke zuwa daga Najeriya. Bai yi lakwal ba, wato makarantar boko. Dakon gyaɗa ya yi a Kano, wani akawu ya koya masa karatu. In an gama yankan hatsi yakan shimfiɗa tabarma gindin gawo, a kawo masa takarda da goro biyu.

Ni kuwa na shiga kolej a Magarya. Mushe, wato malaminmu, ya cusa mana cewa akwai wata 'yar kalma, "the", da ake sawa gaban suna, wanda ya bar ta jahili ne. Da na zo hutu na ji kawu yana karanta wasiƙa yana tsallake ta. Gaban dattawa na ce, "Kawu, wannan ai Ingilishin tasha ne."

Aka fashe da dariya. Manya da furfurarsu, ba wanda ya ce mini kul! Mutumin da ya yi shekaru yana yi musu hidima, suka yar da shi saboda yaro mai kaye ɗaya, littafin rubutu. Kawu ya naɗe tabarmarsa ya shiga gida.

Bayan kwana biyu gwaggo ta kawo mini wasiƙa daga Kano, inda ɗanta ke aiki. 'Yar kalmata na gan ta ko'ina, sauran kuwa duhu. Maimakon in ce ban iya ba, sai na ce, "Lafiyarsa lau, yana gaishe ki." Ta sa mini albarka.

Sai da na koma makaranta ta kai wa kawu takardar don ya rubuta amsa. Ya duba, ya ce, "Yaya, ɗaure kayanki. Ɗanki yana kwance, ke yake kira." Suka hau amalanke zuwa bakin iyaka, suka kama mota. Sun tarar an yi sadakar uku.

Kawu bai taɓa ta da maganar ba. Gwaggo ma ba ta fasa gaishe ni ba, wannan ya fi mari zafi.

Yau ba a aika wasiƙa. Ɗa na kwance, ya kira uwarsa a salula ta ji muryarsa. Ni kuma duk abin da aka tambaye ni, in ban sani ba, nan take nake faɗa. Sai dai na koyi faɗar haka ne bayan gwaggo ta daina buƙata.