Kuɓewar Inna a Cikin Buhu

Shekara tara ke nan da rasuwar surukata, mahaifiyar maigidana. Ban taɓa kiran sunanta ba tana raye, ba kuma zan fara a jarida ba. Inna muke ce mata, Allah Ya jiƙanta.

A Ruma aka kai ni gidanta. Ko a tsakiyar bazara, lokacin da rijiya ke ja baya, bayan ɗakin Inna kore shar yake. Tsagaggun tuluna take binnewa har wuya, ta cika su da ruwa ta rufe baki, ta shuka alayyafo da yakuwa da ɗoɗɗoya kewaye da su. Ba a alwala a gidan sai a gindin shukarta. Abin alfaharinta kuwa wata gajeriyar kuɓewa ce mai saurin 'ya'ya, wadda ta gada wurin kakarta. Ban taɓa ganin irinta a kasuwa ba.

Shekara goma sha ɗaya ina kallonta tana wannan aiki, amma ko tambaya ɗaya ban yi mata ba. Kunya ce, irin wadda aka hore mu da ita. In ta shigo in sunkuyar da kai, in ta yi magana in ce to. A zatona ido ya ishe ni.

Bayan rasuwarta hare-haren 'yan bindiga suka tashe mu, muka dawo Batsari, gidan da tsakar gidansa siminti ne. Irin kuɓewar na cikin ɗan abin da na iya ɗaukowa, a ƙulle cikin tsumma da toka, yadda take ajiye shi. Na cika buhuna da ƙasa da takin awaki, na shuka fiye da rabi. Na tuna Inna ba ta zubar da ruwan da aka yi amfani da shi, sai na riƙa juye musu har da ruwan wanki mai sabulu. Ganye ya yi rawaya, ya ƙanƙance, suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Na yi kuka ranar, kuka sosai, har maigida ya ɗauka wani aka ce ya rasu.

Ƙanwar Inna, Gwaggo Mairo, na je na samu a Safana. Ta saurare ni ta girgiza kai.

"Ke 'yar nan, ruwan alwala da na wanke hatsi kaɗai take ba su. Na sabulu a rariya take zubarwa. Ba ki tambaye ta ba?"

"Gwaggo, da wane baki?"

"To ga shi kunya ta cinye miki kuɓewa."

Ƙwaya goma sha uku suka rage mini. Na sake ƙasa, na jiƙa irin ya kwana a ruwa. Tun da ba wurin binne tulu, gorar roba na huda da allura na cusa cikin kowane buhu. Na rufe saman ƙasar da ɓawon gyaɗa don kada rana ta shanye damshin, na jera buhunan jikin katangar yamma inda inuwa ke sauka bayan azahar. Da ƙwari suka zo na jiƙa ganyen bedi, wato dogon yaro, na yayyafa. Biyar suka rayu.

Nakan tambayi kaina me Inna za ta ce da ta ga kuɓewarta a buhu kamar hatsin sayarwa. Dariya za ta fara yi, na sani. Sannan ta tambayi gonar Ruma da muka baro.

Ba ta bar gida ko shanu da suka tsira ba. Wannan irin ne ya rage, kuma na ga yadda hannu ɗaya ya kusa hallaka shi. Don haka bana na yanke shawara ba za a tsinki ko ɗaya ɗanya ba. Duk za su bushe a jikin uwarsu, in raba wa matan garinmu da suka watsu a Batsari da Safana da Zakka, in kuma faɗa wa kowacce komai da bakina, ko ta tambaya ko ba ta tambaya ba.

Jiya maigida ya tsaya yana kallon 'ya'yan da suka ƙosa, ya haɗiyi yawu.

"Yanzu ko ta miya ɗaya ba za a ɗiba ba? Kuɓewar uwata ce fa."

Na ce, "Shi ya sa, Malam. Bana kuka za ka sha."