Ranar da Kaka Ta Leƙa Ƙullun Masarta

Kakata ta wajen uba mai masa ce. Tun kafin a haife ni take zama da tandarta a ƙofar gidanmu a Matameye, kuma duk mai bi ta layinmu zuwa tasha ya san ƙamshin. Masar gero take yi. Ba ta taɓa zuba yis na kanti a ƙullunta ba, ta ce wannan aikin ragwaye ne. Kullum in ta kusa gama suya sai ta rage ludayi guda na ƙullu a gindin wata tsohuwar tukunyar ƙasa, da la'asar ta zuba sabon niƙa a kai, ta rufe da faifai. Kafin ta hura wutar safe ƙullu ya kumburo yana ƙananan kumfa, da ɗan tsaminsa mai daɗi. In aka tambaye ta abin da ke tayar da shi sai ta ce albarka ce, kuma a tukunyar take, don daga hannun mahaifiyarta ta karɓe ta a Dungu.

Ina aji na biyu a kolej aka kawo mana sabuwar malamar ilimin halittu daga Damagaram. Madam muke ce mata. Siririya ce mai saurin tafiya, ba ta iya ganin ƙofa a rufe ba ta tambayi abin da ke ciki ba. A haka ta gano wani akwatin katako a ɗakin ajiyar lakkwal, wato makarantarmu, zanzaro har ya gina gida a jikin murfinsa. Madubin likita ne a ciki, wanda ita take kira mikroskop. Ba ya buƙatar lantarki, wani ɗan madubi ne a ƙasansa da ake juyawa ya kamo hasken rana. Ta goge shi tsaf, ta ce ranar Litinin kowa ya zo da ɗan ruwa ko wani abu mai ruwa-ruwa daga gidansu.

Wasu suka kawo ruwan rijiya, wasu na tabkin bayan gari, wata ta kawo kindirmo. Ni kuwa na faki idon Kaka na ɗebi ƙullu a murfin kwalba. Aka fito da tebur gindin dogonyaro muka yi layi. Da aka zo kan nawa Madam ta tsarma shi da ruwa, ta ɗiga a kan ɗan gilashi, ta leƙa, sai na ga ta yi murmushi. Ta ce wannan ya fi kowanne cika. Na sa ido na ga wasu ƙananan abubuwa masu siffar ƙwai birjik, a tsakaninsu kuma wasu ƴan sanduna sirara suna rawar ɗari. Ta ce dukansu masu rai ne. Masu kama da ƙwan su ke cin zaƙin gero su fitar da iskar da ke kumbura ƙullu, ƴan sandunan kuma su ke kawo tsami.

Ban kai gida ba labarin ya riga ni. Bakin ƴan ajinmu ya juya shi, ya zama an ga ƙwari a masar tsohuwa. Washegari wani direban tasha da ya saba sayen masarta ya tambaye ta cikin raha ko ƙwarin kyauta ne ko ana biya. Kaka ba ta yi dariya ba. Ta gama suyarta, ta wanke tanda, ta ɗauko mayafin da take zuwa suna da shi. Ta ce in wuce gaba in nuna mata matar da ta zagi tukunyar uwarta. Tukunyar ma ni ta ɗora wa a ka.

Mun isa ana hutun ƙarfe goma. Ina tafe ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige, don duk filin lakkwal ya juyo yana kallonmu. Madam ta fito, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, ta tambayi gajiya da mutanen gida, ta sa aka kawo kujera. Wannan ya ɗan rage wa Kaka zafi, amma duk da haka ta faɗi abin da ya kawo ta. Ta ce shekarunta nawa tana ciyar da garin nan babu wanda ya taɓa cewa cikinsa ya murɗa, sai yau yarinyar da ta yi jika da ita za ta ce akwai ƙazanta a abincinta.

Madam ta saurara har ta gama. Sannan ta ce, "Iya, ban ce ƙazanta ba. Cewa na yi kina da dukiyar da ba ki taɓa gani ba. Ki ba ni dama in nuna miki, in kin gani kika ce na yi laifi, na karɓa."

Aka fito da akwatin. Kaka da kanta ta ɗebo ƙullun daga tukunya, don ta ce ba ta yarda da nawa na jiya ba, wa ya san inda murfin kwalbar ya kwana. Leƙawar farko ba ta ga komai ba sai gashin idonta. Ta biyu ta rufe idon da ya kamata ta buɗe. Madam ta riƙe mata gefen mayafi, tana murɗa ɗan ƙarfen a hankali tana tambayarta ko ya fito. Can sai Kaka ta ƙara matsa idonta a kan madubin. Ta daɗe a sunkuye har na fara tunanin bayanta. Da ta ɗago ba ta kalli kowa ba, ta sake komawa.

"Ga wata da goyo," ta ce, idonta na kan madubin. "A kwiɓi ta saɓa shi. Ga wata ma."

Madam ta ce haka suke haihuwa. Ɗan ƙarami ya tsiro a jikin uwar, in ya yi ƙwari ya balle ya kama gabansa, shi ma ba da jimawa ba ya yi nasa goyon. Shi ya sa ludayi guda na jiya yake isa ya tayar da tukunya cike. Kaka ta zauna, ta dafa gwiwa, ta ce ashe kiwo take yi duk shekarun nan ba ta sani ba, ga garke ya fi na kowane Bafillace, ba ta taɓa yanka masa ciyawa ba. Ƴan ajinmu da suka kewaye mu suka kwashe da dariya, ita ma ta taya su.

An buga ƙararrawa amma babu wanda ya koma aji, direkta ma, shugaban lakkwal, da ya zo korar mu tsayawa ya yi. Kaka ta shiga jero tambayoyi. Suna barci? Suna da baki? Su ne masu kawo zawo? Madam ta ce a'a, dangi ne masu yawa kamar mutane, akwai na kirki akwai mugaye, kuma na kirkin sun fi yawa nesa ba kusa ba. Su ke mayar da madara kindirmo, su ke nunar da daddawa, su ke mayar da kashin shanu taki a gona. Ta ɗiga mata ruwan tabki, Kaka ta ga wani mai siffar takalmi yana ninƙaya da gudu yana karo da ƴan uwansa. Wannan bai yi mata ba. Ta ce da gani ba shi da tarbiyya, a mayar mata da nata.

Sai ta tambaya ko tun yaushe suke duniya. Madam ta ce masu binciken duwatsu sun ga alamar irin ƴan sandunan nan a duwatsu mafiya tsufa, tun babu bishiya ko ɗaya a doron ƙasa, babu kifi, babu tsuntsu. Zamani mai tsawon da hankali ba ya iya riƙewa su kaɗai ne masu rai, kuma wasu korayen cikinsu da ke zaune a ruwa su suka fara cika sama da iskar da muke shaƙa. Sauran halittu a bayansu suka biyo, sannu a hankali. Kaka ta jinjina kai, ta ce Allah gwani, mai fara gini daga abin da ido ba ya gani. Sannan ta ƙara da cewa in haka ne yayyenmu ne, kuma ba a yi musu adalci ba da ake kiran su ƙwari.

Amma Kaka ba mai karɓar magana ba ce don kawai an faɗa da ladabi. Kafin mu tafi ta ce har yanzu ba a nuna mata cewa su ke tayar da ƙullu ba, ta yiwu zama kawai suke yi a ciki kamar ƴan haya. Madam ta yi murna da wannan magana fiye da duk wata amsa da muka taɓa ba ta a aji. Ta ce wa Kaka ta gwada da kanta: ta raba sabon niƙa gida biyu, ɗaya ta zuba masa tsohon ƙullu yadda ta saba, ɗayan kuma ta tafasa tsohon ƙullun tukuna, ya huce, sannan ta zuba.

Da la'asar Kaka ta yi hakan a ƙore biyu sababbi, ta ajiye tukunyar gado gefe don kada a ce ita ta yi aikin. Da safe ƙwarya ta farko ta cika har tana taɓa faifai. Ta biyu tana nan kwance yadda aka bar ta. Kaka ta tsaya a kansu riƙe da ƙugu, ta ce to, an yi walƙiya. Ba ta zubar da ta biyun ba, ta tura ta bayan randa ta manta. Bayan kwana biyu na je ɗibar ruwa na tarar ita ma ta fara kumfa. Kaka ta aike ni lakkwal da tambaya: waɗannan kuma daga ina, bayan ta dafe iyayensu?

Madam ta ce in gaya mata baƙi ne. Wasu da geron suka zo tun daga gona, wasu daga iska, wasu kuma daga tafin hannun mai damawa. Da na kawo amsar sai Kaka ta buɗe hannayenta tana juya su a rana, duk sun yi kanta, ga tabon ƙunar mai. Ta ce in koma in ce wa malamar ranar kasuwa kada ta karya kumallo a gida, ita da ƴan ajin gaba ɗaya.

Suka zo kuwa, har da direkta. Kaka ta yi ta juya masa a tanda tana miƙawa da zafinta, ana ci da ƙuli da yaji a tsaye a ƙofar gida. Direban nan na tasha ya biyo, ya ga taro, ya tambaya ko biki ake. Kaka ta ce ya nemi wuri ya zauna, yau zai ji abin da yake ci. Ta share maƙogwaro ta fara masa bayani tun daga lokacin da babu bishiya a duniya, Madam na gefe da masa a hannu, ba ta gyara mata ko kalma ɗaya ba.