Wayar da ke kaiwa ƙofar Maman Ladi

Ɗazu ina gyaran sito na ci karo da kan tsohuwar wayarmu maras igiya, eriyarta a karye. Na zauna a ƙasa na kasa ci gaba da aikin.

Farkon dawowar mulkin farar hula maigidana ya sayo ta, muna Tudun Wada. Ya jona gindinta da layin gida, ya bar ta ta sha caji, sannan ya ce in fita da kan, mu ga iya inda za ta kai. Sai da na isa ƙofar maƙwabciyata, Maman Ladi 'yar Filato, sannan murya ta fara yankewa.

Daga nan duk Lahadi bayan coci 'yarta Ladi takan kira daga Legas, ni kuma in kai mata wayar.

Da rikici ya tashi, su Maman Ladi suka koma Gonin Gora cikin gaggawa, ko sallama ba mu yi ba.

Wata Lahadi wayar ta yi ƙara.

"Anti, ni ce Ladi."

"Ai Mama ta tashi, 'yar nan."

"Na sani, Anti. Hannuna ne ya saba da lambar. Don Allah ki je ƙofarmu ki gaya mini yadda take."

Na je na tarar da kwaɗo a ƙofar. Na ce mata bishiyar gwaibarsu ta yi 'ya'ya.

Ni da Maman Ladi ba mu sake haɗuwa ba. Jama'ar Gonin Gora, ko akwai wanda ya san Maman Ladi mai sayar da kunu? Ku ce mata Hajara na nemanta.