Ƙofar da ke Cikin Kaset ɗin Baffa Garba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar Talata da la'asar, ina zaune da Umma muna kallon tseren gasar Olamfik, wayarta ta yi ƙara. Abba ne daga asibiti. Ban ji abin da ya ce ba. Na dai ga ta kashe talabijin, ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Baffa Garba, yayan mahaifina, ya rasu bayan jinyar kwana biyar.

Duk mai shiga kasuwar Tianxiu, nan ƙasar Chana inda muke zaune, ya san shagonsa, inda yake sayen lasifika yana aikawa Kano. Akwai manya da suka fi ni cancantar magana a kansa. Ni abu ɗaya na sani, shi zan faɗa.

Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "Uwata". Ina da kunya ƙwarai, malamaina har sun gaji da cewa in ɗaga murya. Baffa bai taɓa ce mini haka ba. Idan na yi magana, sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya matso da kunne.

Ba ya barin lasifika ta shiga kwali sai ya gwada ta, kuma da kaset ɗaya tak yake gwaji. Tun yana saurayi ya je karatun lantarki a Glasgow, can ƙasar Scotland. Ya ce garin cike yake da ƙananan ƙungiyoyin mawaƙa, samari da 'yan mata masu jita da ganga, waɗanda babu wanda ya san su sai 'yan unguwarsu. Wannan ya ari gangar wancan, wancan ya ari wayar jitar wannan. Su huɗu ne abokansa. Shi bai iya kiɗa ba, gyaran na'urorinsu yake yi. Wata rana suna naɗar waƙa a wani ɗaki mai sanyi, ya fita sayo musu shayi. Da ya dawo ya turo ƙofa ana tsakiyar waƙar, ƙarar ƙofar ta shiga kaset. Mai gangar ya hana a goge, ya ce ai yanzu Garba ma ya shiga ƙungiya.

Ƙarar siririya ce, tana zuwa daidai inda jita ta lafa. Idan ƙofar ta fito, Baffa ya karɓi lasifika. Idan ba ta fito ba, ya mayar. Yakan ce mini, "Uwata, kowace lasifika ta iya ihu. Ta kirki ita ce mai fito da abin da aka faɗa a hankali."

Abba yakan tsokane shi: "Yaya, tsakaninka da Allah, kayan masallaci kake gwadawa da kiɗan gwangwanin Turawa?"

"Kai dai tsaya a sayar da takalmanka," in ji Baffa. "Wadda ta ɓoye ƙofa za ta ɓoye rabin karatun liman."

Kafin ya kwanta ciwo ya yi odar lasifika biyu da zai bayar sadaka ga masallacin unguwarmu a Kano. Limamin ya tsufa, muryarsa ta yi ƙasa, na sahun baya ba sa jin karatu. Washegarin sadakar uku ɗan Chanan da ke sayar masa da kaya ya kawo su shago, ga shi a ranar za a rufe kwantena. Abba na nan, da wani Alhaji ɗan Maradi, aminin Baffa. Suka kunna rediyo, suka ƙure ƙara har gilashi na rawa. Kowa ya ce madalla, aka jawo kwali.

Ina tsaye a bakin ƙofa, kaset ɗin na cikin jakata. Ban taɓa katse maganar manya ba. Amma na tuna na sahun baya.

Na ce, "Abba, ba a gwada ba."

Bai ji ni ba. Na sake faɗa, wannan karon har Alhaji ya juyo.

Na sa kaset ɗin, na rage ƙara kamar yadda Baffa ke yi. A lasifika ta farko ƙofar ta fito. A ta biyu jita ta lafa, na jira, shiru. Na dubi ɗan Chanan, na kira shi maigida da yarensu, na ce, "Laoban, babu ƙofa."

Ya fara cewa, "Meiyou, meiyou matsala," wato babu matsala, sai ya tsaya. Shekara shida Baffa yana mayar masa da kaya saboda wannan ƙofa. Ya durƙusa ya kara kunne, ya ce in maido waƙar baya. Sannan ya miƙe, ya saɓa lasifikar a kafaɗa ya fita.

Alhaji ya ce wa Abba, "Wallahi Garba bai tafi da kunnensa ba."

Da aka kawo wata, na sake kunnawa. Babu wanda ya yi motsi a shagon. Jita ta lafa, ƙofar ta buɗe, Baffa ya shigo da shayinsa, yana saurayi. Abba, wanda ban ga hawayensa ba ko a asibiti, ya juya fuskarsa ga bango.

Ya Allah, ka ji ƙan Baffa Garba, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka buɗe masa ƙofar rahamarka. Ka sa kowace aya da na sahun baya za su ji ta zama haske a gare shi. Ka ba Inna Hajara, matarsa, da 'ya'yansa haƙurin wannan rashi, ka tsaya musu. Mu kuma idan tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.