Lallen Inna a Farcena

Ni tun ina ƙarama ba ni da zama. Ƙafa na rawa, ido na ƙofa, yatsa kuma yana baki. Har na yi aure na haihu ban daina cin farce ba, sai na ci har nama ya fito yana zogi. Inna, mahaifiyata, ta ɗauki abin tamkar gaba tsakaninta da haƙorana. Ta shafa mini man darbejiya mai ɗacin tsiya, na lashe har na saba. Ta goga mini tafarnuwa, wai tana ƙarfafa farce, na tashi da warin miya kawai. Gashina kuwa, da ɗan man shanun da Fulani ke kawowa kasuwar Garwa ya yi ta zuba har baya.

"Gashi kamar na matan Cadi, hannu kamar ɓera ya kwana a kai," in ji ta, ko a gaban baƙi.

Shekarar da ciwon ciki ya matsa mata, likita ya ce sai babban asibitin Yawunde, wanda mu a nan muke ce wa lopital. Ana gobe tafiya, da la'asar, ta zauna gindin darbejiyar tsakar gida ta kwaɓa lalle. Ta rame har awarwaronta na zamewa.

"Inna, ki huta mana, gobe akwai doguwar hanya."

"Miƙo hannu, 'yar nan. Farce daga gindi yake tsirowa. Fari zai fito ta ƙasa yana tura jan gaba. In na dawo daga lopital ina so in tarar da ja da fari duka. In kin cinye, ai zan gani."

Washegari yayana ya tafi da ita a motar Ngaundere, daga can su hau jirgin ƙasa. Ni goyo ya hana ni binsu.

Zaman jira ya fi ƙarfina. In share tsakar gida, in sake share inda na share. In leƙa waya, in fita ƙofar gida, in dawo ban san abin da ya fitar da ni ba. Yatsa ya nufi baki, sai in hango jan nan in sauke. Na koma tauna asuwaki da aya har muƙamuƙina ya yi tsami, kullum da safe kuma ina murza man kaɗanya a gindin kowane farce. Ran da siririn fari ya leƙo, na kira Inna a waya da ɗoki.

"Ashe haƙoranki na jin magana," ta ce. Muryar can ƙasa take, amma ta yi dariya.

Farin bai kai rabi ba yayana ya kira yana kuka. A can aka yi mata sutura.

Daga ranar na daina shafa mai. So nake farcen ya tsaya inda yake, amma ina! Abin da Inna ta yi shekaru tana nema, sai ga shi yana tsirowa babu ko kunya, yana tura jan lallenta zuwa baki. Haushi ya ishe ni. Na ƙi yankewa, yana kama zani, yana kama gashi, har ya karce kumatun 'yata.

Gwaggo, ƙanwar babana, ta ga jinin ta kama hannuna.

"Haba, 'yar nan. Addini ma bai yarda a bar farce haka ba. Ga reza."

Na yanke. Jajayen gutsattsarin suka zube a cinyata, hannuna ya fito da farce fari tas, irin wanda Inna take so, ba kuma wanda zan nuna wa. A gidanmu ba a yar da farce, binne shi ake yi. Na tona rami gindin darbejiyar nan na zuba, na rufe, na daɗe a tsugune ina mata addu'a. Kabarinta na Yawunde, har yau ban taɓa ganinsa ba.