Halliru Mai Biyan Tara

Duk wanda wayarsa ta taɓa faɗawa ruwa a Illela ya san rumfar Halliru, nan bakin kasuwa kusa da 'yan canji. Allah ya ba shi hannu. Wayar da aka fid da rai da ita, wadda saniya ta taka ko ta kwana cikin miya, in ta shiga hannunsa sai ta farfaɗo. Har daga Konni ake tsallako iyaka a kawo masa aiki, a biya shi da sefa.

Shi ɗa ne ga Malam Ma'aruf mai makarantar allo, mutumin da fatake ke bar wa ajiya in za su yi tafiya, mata da maza kuma suna kai masa damuwarsu don sun san ba ta fita. 'Ya'yan malam duk sun yi karatu, in ban da Halliru, wanda tun yana ƙarami ya fi son kwance rediyo a kan wanke allo. Malam bai taɓa zaginsa a kan haka ba, bai kuma taɓa yaba masa ba. Wannan shirun shi ke cin Halliru. Abin da yake so a duniya bai wuce ranar da tsohon zai dube shi ya ce sana'ar nan tasa ma sana'a ce ba. Saboda haka ne da ya fara samu ya saya wa malam waya mai kyau, ya koya masa tura saƙon murya.

To, aibin Halliru kunne. Mutanen kasuwa ba su cika rubutu ba, kowa danna waya yake ya yi magana, kuma in za su ba da gyara a buɗe suke miƙa ta, su tafi harkarsu. Halliru kuwa yana da ƙa'ida: ba ya mai da waya sai ya gwada lasifikarta. Ko gilashi aka kawo a canza, sai an gwada lasifika. Gwajin kuma ba ya yiwuwa da waƙa, sai da saƙon mai wayar, kuma saƙo ɗaya ba ya isa a tabbatar.

Da haka ya san farashin da dillalan albasa suka shirya tun kafin ranar kasuwa, ya san wanda ya sayar da bijimi ya ce wa ɗan'uwansa ya mutu a hanya. Da fari labari kawai yake bayarwa wurin mai shayi, kyauta. Daga baya wasu suka fahimci labarin nasa na da amfani, suka fara zuwa da ɗan abin goro. Goron ya yi ta girma har ya fi kuɗin gyara.

Ranar da asiri ya tonu, wani mai albasa daga Amarawa ya kai ƙara wurin Alhaji Attahiru, shugaban ƙungiyar masu gyaran waya. Alhaji Attahiru mutum ne da ya yi imani da tara kamar yadda wasu suka yi imani da allura, kowace cuta ita ce maganinta. Aka zauna, aka yi wa Halliru faɗa, aka ci shi dubu biyar. Ya yi rantsuwa, ya share ido, ya biya. Sai da ya koma rumfa ya tuna wanda ya sayi labarin dubu ashirin ya ba shi, nan take hawayen suka bushe.

Tun daga nan tara ta zama masa kamar kuɗin shara. Aka ninka tarar, shi kuma ya ƙara ɗari biyu a kan kowane gyara, wato waɗanda ake saurare su ke biya. Wata rana ma ya je wurin shugaba da kuɗi a hannu alhali babu wanda ya kawo ƙara.

"Wanga na mi?" in ji Alhaji Attahiru.

"Na sati mai zuwa na, ranka shi daɗe. Ina da tafiya, kada a neme ni a rasa."

Alhaji ya yi fushi ƙwarai, ya kira shi marar kunya, sannan ya karɓa. Ƙungiya dai da tarar Halliru ta sayi kujerun roba, da ita ta rufe ofis da kwano. Har ma'aji ya fara damuwa in wata ya yi nisa ba a kawo ƙara ba. Ran da aka ji a rediyo an ci wani babban kamfanin sadarwa na ƙasashen waje tarar miliyoyi saboda ya yi wasa da sirrin mutane, masu shan shayi suka yi ta jinjina kai, suna cewa wannan ya mutu. Halliru ya kurɓi shayinsa ya ce, "Ba shi mutuwa. Ku tambaye ni, sana'armu guda." Aka yi dariya, shi ma ya yi, ya ji daɗin kansa.

Mutane kuwa ba su daina kawo masa waya ba, don babu mai hannunsa. Suna zaginsa suna miƙa masa, wasu su tsaya a kansa har ya gama, shi kuma ya ce su dawo gobe, kayan gyaran sai an aiko daga Sakkwato.

Wata Laraba da hantsi, yana cikin narka dalma, ya ɗaga kai ya hango farar rigar mahaifinsa a cikin layin. Malam bai taɓa zuwa rumfarsa ba. Murna ta kama shi. Ya yi maza ya kaɗe benci, ya ture kwanon tuwon jiya ƙarƙashin tebur, ya gyara hula. Malam ya iso, ya amsa gaisuwarsa da fara'a, ya wuce. Ya je rumfa ta huɗu ya zauna, wurin Lawwali.

Kowa ya san Lawwali. Mutumin kirki ne, amma in ya buɗe waya sai ƙusa biyu sun yi saura, bai san inda suka fito ba.

Halliru ya bi shi, ya durƙusa. "Baba, wayar ta lalace?"

"Ta bar ɗaukar caji."

"Ai aikin minti goma na. Lawwali ko batir ba ya iya sawa daidai."

"Na sani," in ji malam. Lawwali ya sunkuyar da kai bai yi musu ba.

"To mi ya hana ka kawo mani? Ni nas saye ta."

"Kai kas saye ta, Allah shi yi ma albarka. Amma abin da ke ciki ba nawa na ba. Maganar mutane ta, sun ba ni ajiya."

Halliru ya ji kunya ta rufe shi, ga 'yan canji sun kasa kunne suna saurare. Ya rage murya. "Wallahi Baba ba ni sauraron ko guda. In na saurara a ci ni tara, ko nawa ta."

Malam ya dube shi, ba da fushi ba, kuma wannan ya fi ciwo. "Abin da nika gudu ke nan, Halliru. Kana da kuɗin biya."

Lawwali ya yi ta fama da wayar har gumi ya jiƙa masa riga. Da abin ya gagara, ya ɗago ido a hankali ya dubi Halliru. Halliru ya matso, ya miƙa hannu. Malam ya yi gyaran murya. Hannun ya tsaya a sama, sannan Halliru ya mai da shi baya, ya haɗa da ɗayan ya riƙe.

A haka aka yi gyaran. Halliru na tsaye, hannuwa a baya, yana cewa ɗaga nan, a'a ba nan ba, sannu kada ka tsinke shi, Lawwali na bi. Aikin minti goma ya ci awa biyu. Da wayar ta kawo wuta, malam ya biya Lawwali, ya sa masa albarka, ya juyo ga ɗansa.

"Ashe ka iya aikin ƙwarai," ya ce. "Ban taɓa gani ba sai yau."

Shekara goma sha biyar Halliru yana jiran wannan magana. Ta zo, kuma bai ji daɗinta ba ko kaɗan, don yana kallo tsohon ya sa wayar a aljihun da ke nesa da Halliru, ya dafe ta da hannu, sannan ya ce ya raka shi bakin hanya.