Lambobin da Ban Kira Ba

Babana bai taɓa riƙe waya ba. Sau biyu muna saya masa: ta farko ya ba ɗan ƙanwarsa, ta biyu ya jefa ta akwati da ledarta, ya ce shi ba zai iya yawo da abin da ke kuka a aljihu ba. Lambata kaɗai ya riƙe, ita ma a ka. Manomi ne a ƙauyenmu can kudancin Borno, karatunsa bai wuce na Littafi Mai Tsarki ba, amma lambar nan ko daga barci ka tashe shi zai zubo maka ita ba gargada. In ya so jin muryata sai ya tare duk wanda ya gani da waya, a kasuwa ko a bakin coci, ya ce a buga masa, ta yi ƙara sau ɗaya a kashe. Filashin ke nan. Ni kuma da na ga baƙuwar lamba ta yi filashin na san shi ne, sai in kira. Shekara da shekaru haka muke yi, har 'yan ofishinmu suna min tsiya wai saurayina ya fi kowa yawan layi.

Da abubuwa suka fara lalacewa na yi ta roƙonsa ya dawo wurinmu Maiduguri. Ya ce sai ya kwashe amfanin gona. Na yi faɗa, na yi kuka, tsohon nan ko gezau. Daga ƙarshe muka yi magana ɗaya da shi: in zama ya gagara, ya fito garin da ke da tashar mota, ya yi min filashin, ni ko baban yara wani zai je ya taho da shi. Ba shi da katin shaida, kuma shingayen binciken da ke hanya ba wurin da tsoho zai tsaya shi kaɗai yana kame-kame ba ne.

Sati biyu bayan nan aka ɗauke sabis a jihar gaba ɗaya.

Wanda bai zauna garin nan a watannin ba, ba zai gane ba. Ni mai buga takardu ce a ofishin wata makaranta a Fezzan, gidan hayarmu kuma a Bulabulin. In na fita da safe, shi ke nan, ni da mijina da yara uku babu mai sanin halin wani sai mun haɗu. Ka ji ƙara daga wani ɓangaren gari, ka ciro waya don sabo, ka tsaya kana kallonta kamar dutse. Amma kullum sai mun yi mata caji, don haukar banza. Labarin Baba kuwa sau ɗaya na samu, wata 'yar takarda da wani direba ya kawo, wai yana lafiya, dawa ta yi kyau.

A cikin wannan shirun ne maganar 'yan kwangila ta fito. Mijina ya kwaso ta daga majalisar da suke zama ƙarƙashin dalbejiya bayan an tashi makaranta. Wai kashe sabis ɗin nan ba don tsaro ba ne kawai. Wai kamfanonin waje masu sayar da bindigogi da jiragen yaƙi ne suka sa hannu a ƙarafan sabis, sun ce a kashe sabis ɗin don su dasa na'urarsu. Wai tana cikin wata kwantena a bayan gari, ba mai kusantar ta. Su ba sa son rigimar ta ƙare, in ta ƙare kasuwarsu ta mutu, don haka dole kullum a samu sunayen da za a ce ga masu laifi. In sabis ya dawo na'urar za ta riƙa jefa filashin daga lambobi iri-iri, duk wanda ya kira, sunansa ya shiga takarda.

Na kalle shi na ce kai da kake koya wa 'ya'yan mutane lissafi, wannan shirmen ka ɗebo mana? Wa ya ga kwantenar? Ya ce wani ne da wansa ke aiki a can. Na ce ai kullum wani ne da wansa. Ya ci gaba da cin tuwonsa. Amma washegari na ji ta a bakin mai kayan miya, jibi a keke, ranar Lahadi kuma a bakin coci, wurin matar da ban taɓa jin ta faɗi abin da ba shi ba ne. Kowa da nasa ƙarin gishirin. Wani ya ce ko waya a kashe take suna jin ka, sai ka cire batir. Wani ya ce mutanen daji ma sun sayi irin na'urar a wurin kamfanin guda. Ban san ranar da na daina dariya ba, na dai wayi gari ina cire batir in za mu yi magana a ɗaki.

Ranar da sabis ya dawo unguwa ta kaure da ƙarar wayoyi, mata har da guɗa. Murnar ba ta kwana uku ba. Aka zo da mota aka tafi da wani tela a bayan layinmu, magidanci mai 'ya'ya huɗu. Ba wanda ya san dalili, amma kafin azahar kowa ya san dalili: wai baƙuwar lamba ce ta yi masa filashin ya kira. Na ga matarsa zaune a ƙofar shagon ta ɗora hannu a ka. Daga ranar tsoro ya shige ni sosai, irin wanda ke sa ka ji fitsari in mota ta tsaya a ƙofar gida. Mijina ya tara mu ya ce lambar da ba suna a kanta, ba a ɗauka, ba a kira. Wannan karon ban yi masa gardama ba.

Ranar Litinin ina ofis da hantsi wayata ta yi ƙara sau ɗaya ta mutu. Baƙuwar lamba. Gabana ya faɗi har sai da na riƙe tebur. Allah ya sani, abin da ya fara zo min shi ne Baba. Na ɗauki wayar, yatsana a kan maɓalli, sai fuskar matar tela ta faɗo min. Na ce wa kaina ai ƙauyenmu har yanzu ba sabis, duk wanda ya zo daga can haka yake faɗa. Na tura wayar can ƙasan jaka, na ci gaba da buga takarda ina ta kuskure.

Talata aka sake yi, da wata lamba daban. Laraba sau biyu, lambobi biyu. Na nuna wa mijina, ya ce kin gani ko, ai haka aka ce tana yi, kullum da sabuwar lamba. Na ce Baba ma ai haka yake yi. Ya ce to zaɓi, in na'urar ce fa, wa zai riƙe yaran nan? Ba da faɗa ya faɗa ba, shi ya sa maganar ta kama ni. Da ya daka min tsawa da na kira don haushi, na san halina.

Abinci ya daina shiga. Ina tafiya a titi ina jin kamar wayar tana kallona daga cikin jaka. Na rubuta lambobin a bayan wata takarda, ina duba su kamar za su faɗa min ko su wane ne. Alhamis ɗaya daga cikinsu ta dawo, wadda ta ƙare da bakwai biyu, ta yi filashin sau uku a jere. Na shiga banɗakin makaranta na yi kuka na wanke fuska. Juma'a ba a kira ba sam, kuma abin kunya, sai na ji sanyi a raina, na ce na'urar ta gaji da ni.

Maƙwabciyarmu wata tsohuwar Babarbariya ce mai haɗa turaren wuta, katanga ɗaya ta raba mu. Iya muke ce mata. Hausarta a karkace take, bakinta kuwa ba linzami. Ranar Asabar da safe ta same ni ina wanki, na zuba omo na manta ban zuba ruwa ba. Ta gaishe ni da yarensu ta ce wushe, 'yata, wa ya mutu? Na faɗa mata komai, ina rage murya, har da kwantena da takardar sunaye. Ta saurare ni tana taunar goro. Da na gama ta ce ita ma ta ji, ƙila gaskiya ne, ƙila ƙarya, mutanen da ke sayar da bindiga ba abin da ba za su iya ba. Sai ta kwance bakin zaninta ta ciro 'yar wayarta da aka ɗaure da roba.

"Karanto min lambar."

Na ce Iya, a'a, kada in jawo miki.

"Su zo su ɗauke ni. Me za su yi da ni, miya? Karanto."

Na karanto mai bakwai biyun. Ta danna da kanta, ta miƙo min. Na so in ƙi karɓa, ta cusa min a kunne. Ya yi ƙara har sau biyar. Sai wata mata ta ɗauka, bayanta hayaniyar tasha, 'yan kamasho suna kiran gari. Na ce don Allah an yi ta min filashin da wannan lambar.

Ta ce, "Ke ce 'yar tsohon nan?"

Na zauna a kan bokiti. Ta ce ita shinkafa da wake take sayarwa a tashar garin da muka yi alkawari da Baba. Tun Lahadi ya iso, a ƙafa ya yi rabin hanya. A rumfarta yake wuni, a bencinta yake kwana. Duk wanda ya zauna cin abinci sai ya roƙe shi aron waya, ya karanto lambar, ya zauna yana kallon wayar mutumin har ya gama ci ya tashi. Ta ce masa a kira sosai mana a daina filashin, ya ce a'a, 'yarsa ce ke kira, ba ya son ƙona wa mutane kati. Wasu suka ce masa ƙila mun bar garin, wasu suka ce layin ne ya mutu. Shi dai cewa yake tana aiki ne, in ta tashi za ta kira.

Na ce ba shi wayar, don Allah ba shi.

"Ai jiya da safe ya koma. Wata motar itace ya samu mai shiga wajen naku." Ta ƙara da cewa, "Ya bar miki buhun gyaɗa a nan. Ya ce in kin kira in ce miki na yara ne, kuma kada ki damu, ya san rashin lafiya ce ta hana ki."

Ban san me na ce mata ba. Iya ce ta karɓi wayar ta yi godiya da karkatacciyar Hausarta. Ni ina zaune a kan bokiti ina kallon kayan wanki. Lafiyata ƙalau, ko ciwon kai ban yi ba a satin nan.

Da na faɗa wa mijina, ya sa takalmi ya tafi tasha. Washegari ya isa garin, ya bi direbobi ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya yarda ya shiga hanyar ƙauyenmu. Mai motar itacen ma ya ce wannan ce shigarsa ta ƙarshe. Kwana uku ya yi yana nema, ya dawo da buhun a kafaɗa, ya ajiye a tsakar gida ya shige ɗaki. Na so in zage shi, na shirya zagin tun kafin ya iso, amma da na ga fuskarsa sai na rasa ta inda zan fara. Wayar ai a jakata take, ba a tasa ba.

Telan nan ya dawo bayan wata biyu, ya rame, bai faɗa wa kowa me ya faru ba, mu ma ba mu tambaya ba. Kwantenar kuwa har yau ban haɗu da wanda ya gan ta da idonsa ba, kuma har yau akwai masu rantsuwa tana nan. Ni na daina shiga gardamar. Na dai koma kiran duk lambar da ta yi min filashin, na kira masu neman wani, na kira 'yan damfara, na kira wata da ta zage ni ta ce ina bin mijinta. Ba a sake cewa ga tsoho yana son magana ba.

Cikin damina labarin rasuwar Baba ya iso a bakin wata 'yar ƙauyenmu da ta samu fitowa. Zazzaɓi ne, kwana huɗu, ba magani a kusa. Ta ce sun binne shi a bayan gonarsa, mutum shida ne a wurin.

Gyaɗar tana nan a lungun ɗaki duk tsawon lokacin, na hana kowa taɓawa. Bayan an gama zaman makoki Iya ta ce ƙwari za su cinye ta a banza, mutum ya ɗauko ta a ka daga nesa. Na kwance bakin buhun, ɗaurin nasa ne, da igiyar rama, sai da na sa haƙori. Na soya a kasko na zuba wa yara a faranti, suka ci suna faɗa a kan wa ya fi yawa. Ƙaramar ta ɗebo ta miƙo min, na ce mata na ƙoshi.